Tambayoyinku: Maƙwabciyata ta ajiye gatari a saman silin

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Houston ta jihar Texas, yau shekara 9 ke nan. Ina da maƙwabciya, dattijuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, za ta yi shekara 74. Kirista ce, ita kaɗai take zaune, yarana suna ce mata Kaka. Ita ta nuna mini inda ake sayar da kuɓewa lokacin ina baƙuwa, ita ta riƙe mini babban ɗana ranar da naƙuda ta kama ni maigidan yana wurin aiki. Asalinta 'yar New Orleans ce, guguwar Katrina ce ta koro ta nan a 2005, a wannan ruwan kuma mijinta ya rasu.

Anti, da zarar an ce ga guguwa nan tafe, Kaka ba ta ƙara barci. Takalmi take sawa ta zauna a kujera, jaka a cinya, talabijin a kunne har asuba. Lokacin guguwar Beryl a Yulin 2024 mun yi kwana 8 babu wuta, na shiga na same ta jikinta na ɓari tana kiran sunan mijinta. Kwanan nan ta roƙi maigidana ya hau saman silin ya duba mata ko gatarinta yana nan. Wallahi gabana ya faɗi. Na ce ta zo in kai ta asibiti, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ta yi kwana 3 ba ta kula ni ba. Ga kuma ɗana mai shekara 7, tun Beryl ya koma fitsarin kwance, ko iska ta kaɗa labule sai ya maƙale ni. Babansa ya ce a yi masa tofi a ƙyale shi, namiji ne. Lokacin guguwa ya kusa dawowa. In sa a ɗauke gatarin? In kira hukuma? Ki taimake ni.

Daga ƙanwarki a Houston

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki damuwar dattijuwar nan tamkar ta mahaifiyarki. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki taɓa gatarin nan, kada kuma ki kira 'yan sanda a kansa.

Gatarin yana da tarihi, kuma ya girme ki. A Satumbar 1965 guguwar Betsy ta tura ruwa cikin New Orleans da dare, ya mamaye unguwar baƙaƙen fata da ake kira Lower Ninth Ward. Gidajen can na katako ne, yawancinsu ba bene ba. In ruwa ya cika ɗaki sai a hau saman silin. In ya biyo mutum can kuwa, babu ƙofa babu taga, sai rufi a kansa. Akwai waɗanda suka mutu a haka. Tun daga lokacin iyaye a garin suke yi wa 'ya'yansu wasiyya da a ajiye gatari a sama, don ranar da za a fasa rufi a fita. In a can Kaka ta tashi, tana 'yar shekara 14 a lokacin. Bayan shekara 40, da Katrina ta zo, da yawa daga mutanen da duniya ta gani a kan rufin gidaje suna ɗaga tsumma, da gatari suka fito. Don haka abin da ya faɗar miki da gaba, a wurinta shi ne ke ba ta ɗan kwanciyar hankali. Ranar da kika sa aka ɗauke shi a ɓoye, kin ƙara mata tsoro, kin kuma rasa amanarta.

Yanzu ki yi tunanin abin da idonta ya gani. Katrina ta afka wa jihar Louisiana, inda New Orleans take, ranar 29 ga Agustan 2005. Iskar ba ita ta gama da garin ba, katangun tare ruwa ne da injiniyoyin sojan Amurka suka gina suka fashe, ruwa ya rufe kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Kashi biyu cikin uku na mazauna garin baƙaƙen fata ne. Kwana ɗaya kafin nan magajin gari ya ba da umarnin kowa ya fita, amma da me? Gidaje fiye da ɗaya cikin huɗu ba su da mota, ga ƙarshen wata, aljihu ya bushe. Mutum fiye da 20,000 suka cushe a babban filin wasa na Superdome, wuta ta ɗauke, banɗakuna suka toshe, zafi kamar a tanda. Mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma a Louisiana kusan rabin mamatan sun kai shekara 75 ko sun haura. Waɗanda suka yi yunƙurin fita da ƙafa ta gadar da ke kaiwa garin Gretna, 'yan sanda suka tare su da bindiga suka mayar da su. Ranar 4 ga Satumba, a gadar Danziger, 'yan sanda suka buɗe wa mutanen da ba su ɗauke da makami wuta, suka kashe biyu: yaro ɗan shekara 17, da wani mutum ɗan shekara 40 mai larurar ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshen shi ya sa na ce kada ki kira hukuma da kalmar "gatari" a bakinki. Wanda zai zo bai san Betsy ba, bai san Kaka ba. Abin da aka gaya masa kawai shi ne akwai baƙar mace da makami wadda hankalinta ba ya jikinta.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne bayan ruwa ya janye. Babban asibitin talakawan garin, Charity, wanda nan ne masu larurar ƙwaƙwalwa da ba su da inshora suke zuwa, an rufe shi, ba a sake buɗe shi ba. Wato a daidai lokacin da gari ya fi bukatar likitan ƙwaƙwalwa, a lokacin aka rasa shi. Da aka tashi raba kuɗin gyaran gidaje a shirin da ake kira Road Home, sai aka ɗora lissafi a kan darajar gida kafin ruwa, maimakon kuɗin da gyara zai ci. Gida iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, amma na unguwar baƙaƙe ƙimarsa a kasuwa ta fi ƙasa, sai mai shi ya karɓi kaɗan. Sai da aka je kotu, aka yi sulhu a 2011. Kafin nan dubban mutane sun haƙura da komawa. Garin ya yi asarar baƙaƙen fata kusan 100,000, da yawansu nan Houston suka zauna. Kaka ba mijinta kaɗai ta rasa ba. Ta rasa cocinta, da mai yi mata kitso, da ƙawayen da take zama da su a baranda da yamma, da kabarin iyayenta. Ki tuna yadda kika ji a shekararki ta farko a ƙasar nan, alhali ke da shirinki kika zo, da lefenki da rakiyarki. Ita da rigar jikinta aka sa ta a bas.

Sai maganar asibiti da ta jawo fushin kwana 3. Ba ki yi laifi ba, amma kin taɓa tsohon miki. A 1851, a wannan jiha tata ta Louisiana, wani likita mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun da bayi suke yi daga iyayen gijinsu ciwon hauka ne, har ya ambaci bulala a cikin rigakafinsa. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a garin Tuskegee na jihar Alabama ba magani, don a ga yadda ciwon zai ci su, har bayan an samo allurar da ke warkar da shi. Kaka tana da shekara 21 lokacin da asirin ya tonu. Har gobe bincike yana nuna an fi saurin liƙa wa baƙar fata babban ciwon taɓin hankali a inda za a ce wa farar fata damuwa ce ke damunsa. Masana halayyar ɗan Adam a ƙasar kuwa, baƙaƙe ba su wuce 4 ko 5 cikin 100 ba. To in irin wannan dattijuwa ta ji "asibiti" daga bakin wanda ya gan ta tana rawar jiki, abin da kunnenta ke ji shi ne za a kulle ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwo, kuma ciwon yana da magani. Ban gan ta ba, ba zan yanke hukunci daga takarda ba, amma rashin barci, da zaman shirin gudu, da komawa cikin wancan dare har tana kiran mamaci, alamomi ne na firgicin da ke biyo bayan masifa, wanda likitocin nan ke kira PTSD. Ki riƙe haruffan, za su yi miki amfani a gaban likita. Jiki ne ya koyi cewa ƙarar iska na nufin mutuwa, ya kuma ƙi mantawa. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne.

Kada kuma kowa ya ce miki ai shekara 20 ta isa a manta. Farfesa Ronald Kessler na jami'ar Harvard ya jagoranci bin diddigin waɗanda Katrina ta shafa. Watanni kaɗan bayan ruwan, masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa sun tashi daga kusan 6 cikin 100 zuwa 11. Da aka koma bayan shekara guda, ana sa ran an samu sauƙi kamar yadda aka saba gani bayan bala'i, sai aka tarar masu firgicin sun ƙaru daga kusan 15 cikin 100 zuwa 21, masu tunanin kashe kansu kuma sun ninka. Dalili a bayyane yake: masifar ba ta ƙare ba, mutane suna nan ba gida, ba aiki, ba dangi a kusa. Wani binciken da ya bi iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi, yawancinsu baƙaƙe, ya samu cewa bayan shekara 12, ɗaya cikin shida tana nan da alamomin. Sannan Kaka ba ta samu hutu ba ko a Houston: guguwar Harvey a 2017, sanyin Fabrairun 2021 da ya kashe wutar Texas, ga Beryl. Kowanne yana fama mata tsohon gyambo.

Lokacin Harvey masallatan Houston da dama sun buɗe ƙofa ga duk wanda ruwa ya kora, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Na yi dare uku ina aikin jinya na sa kai a ɗaya daga ciki. Akwai wani dattijo ɗan New Orleans da ba na mantawa da shi. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa don girmama wurin, amma ya ƙi barin su a can. Ya sa su a leda ya rungume a ƙirji, ya zaɓi wuri daf da ƙofa, ya jingina da bango. Aka kawo masa katifa ya ce a ba yara. Wata yarinya mai kirki, sabuwar shiga aikin, ta durƙusa gabansa tana ta lallashinsa ya faɗa mata abin da ya faru da shi a 2005, wai zai ji sauƙi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga yatsunsa suna murza ledar nan. Na janye ta a hankali. Na koma na ce masa, Baba, muna neman wanda zai riƙe mana rajistar masu shigowa, idona ya gaji. Ya dube ni, ya ajiye ledar a gefen ƙafarsa, ya karɓi biro. Har asuba yana rubuta sunaye, yana tambayar kowa ko akwai nasa da ba a gani ba. Bayan sallar asuba na leƙa na same shi ya yi barci a zaune, littafin a cinyarsa.

Daga wannan dare na ƙara yarda da abin da aka koya mana. Littafin taimakon farko ga wanda bala'i ya firgita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikin a kalma uku: duba, saurara, haɗa. Ki duba me mutum ke bukata yanzu, ruwa ne, magani ne, waya ce. Ki saurara in ya so magana, kada ki tatse shi in bai so ba, don tilasta wa mutum ya zayyana abin da ya gani ba ya warkarwa, wani lokaci ma ƙara dagulawa yake. Sannan ki haɗa shi da nasa. Ni kuma na ƙara da na huɗu daga dattijon nan: ki ba shi abin yi. Abin da bala'i ke fara ƙwacewa daga mutum shi ne jin cewa yana da iko a kan wani abu.

To ga yadda nake ganin za ki ɓullo wa Kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, saboda haka ki je mata yanzu, ranar da sama take garau, da rana tsaka, ba ranar da talabijin ke nuna jan zane a taswira ba. Kada ki je a matsayin mai ceto. Ki je a matsayin 'ya mai neman ilimi, wanda kuwa gaskiya ne, don ta fi ki sanin ruwa nesa ba kusa ba. Ki ce, Kaka, ni da yaran nan ba mu san yadda ake shirin guguwa ba, ki koya mana. Ki bar ta ta faɗi abin da za a sa a jaka. Ku zauna ku rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba: in an ce a fita, motar wa za ta shiga, wace kujera ce tata, gidan wa za a nufa, wa za a kira a wani gari. Ki faɗa mata da bakinki, ki maimaita, cewa motarku ba za ta bar layin nan ba sai da ita a ciki. Ina kyautata zaton wannan jimla ɗaya za ta yi mata abin da ƙwayar barci ba za ta yi ba, domin tsoron da ke hana ta cire takalmi shi ne a sake barin ta a baya. Ki tabbata kuma kun amince da maigidanki kafin ki faɗa, don alkawari ne da ba a saɓawa.

A takardar nan ku rubuta sunayen magungunanta da yadda take sha, ku tanadi na aƙalla mako guda a jaka. Wanda ke shan maganin damuwa ko na farfaɗiya ko na hawan jini, yankewarsa farat ɗaya na iya zama bala'i na biyu. In tana allurar sukari, ku yi shawarar yadda za a sanyaya ta in babu wuta. Ku sa hotunan mijinta da na iyayenta a leda mai zik tare da takardun gida. Kada ki raina wannan, na ga mata da suka yi kukan hotuna fiye da kukan kujeru. Ku kuma yi yarjejeniya a kan talabijin: a saurari rahoton yanayi sau biyu ko uku a yini, a kashe. Daren da za a yi iska kuwa, ki ce ta zo ta kwana wurinku don ta taya ki da yara. In kuna da janareta, a waje yake zama, nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci bayan kowace guguwa.

Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai abin da ya faru a Chicago a Yulin 1995 da nake yawan ba mutane labari. Zafi ya kashe mutum fiye da 700 cikin mako guda. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu da ke maƙwabtaka, Englewood da Auburn Gresham, dukansu na baƙaƙen fata, dukansu da talauci. Mutuwa a ta farko ta ninka ta biyun kusan sau goma. Bambancin shi ne a Auburn Gresham shaguna na buɗe, mutane na tafiya a titi, akwai ƙungiyoyin layi da coci-coci, an san wane tsoho ne yake zaune shi kaɗai, ana ƙwanƙwasa masa ƙofa. A ɗayar kuwa unguwa ta watse, tsofaffi suka kulle kansu suka mutu ba wanda ya sani. Mu da muka taso da cewa zumunta a ƙafa take, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki nemi gida huɗu ko biyar a layinku, ku raba tsofaffi da marasa lafiya a tsakaninku, kowa ya san ƙofar da zai buga kafin iska da bayanta.

Su ma baƙaƙen Amurka ba baƙi ba ne a wannan. A New Orleans tun ƙarni na 19 suke da ƙungiyoyin taimakon juna, kowa ya zuba ɗan abin da ya samu, in ciwo ko mutuwa ta zo a ɗauki nauyi, kusan irin adashinmu. Kwanaki kaɗan bayan Katrina, tun gwamnati ba ta farfaɗo ba, a cikin wani ƙaramin masallaci, Masjid Bilal da ke unguwar Algiers, 'yan sa kai suka buɗe wurin duba marasa lafiya kyauta, wanda ya zama asibitin Common Ground. A 2016 wani matashi, Lorenzo Lewis, ya fara koya wa masu aski a jihar Arkansas yadda za su gane damuwa a fuskar wanda ke kan kujerarsu su kuma nuna masa hanyar taimako, don ya san namiji baƙar fata zai faɗa wa mai askinsa abin da ba zai faɗa wa likita ba. Saboda haka hanyar asibitin Kaka ta cocinta za ta bi. Ki nemi izininta ki gaisa da matar fastonta ko wata babbar ƙawarta a can. In maganar ganin likita ta fito daga bakinsu, kuma aka fara da likitan da ta saba gani don hawan jini, aka ce masa barci ne ya gagara, ƙofa za ta buɗe ba tare da an ambaci hauka ba. Tana da damar ta nemi a haɗa ta da mai ba da shawara baƙar fata mace in hakan zai fi mata. Akwai magani na zama a yi magana bisa tsari, mako-mako, wanda aka tabbatar yana aiki ko ciwon ya daɗe, akwai kuma na sha in an ga bukata.

Ki rubuta lambobi biyu ki manna a jikin firij, naki da nata. Layin gwamnati na masu damuwar bala'i, 1-800-985-5990, dare da rana, kyauta, ana kuma iya neman tafinta. Sai 988, na wanda damuwa ta kai shi maƙura. In kika ji Kaka tana cewa gara ta bi mijinta, ko ta daina ci da sha, ko ta fara rabar da kayanta, ko ruɗewar ta wuce daren guguwa ta zama ta kullum har ba ta gane mutane, wannan ba na jira ba ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauke masa kaya take yi. Ki kira 988 kina zaune kusa da ita. Ruɗewa ta farat ɗaya ga tsoho, musamman cikin zafi, tana iya zama ƙishirwa ko sukari ko ciwon fitsari, wannan kuwa na motar asibiti ne nan take.

Sai ɗanmu. Fitsarin kwance da maƙalewa bayan firgita abu ne sananne ga yaro mai shekarunsa. Kada a dake shi, kada a yi masa dariya, kada a shanya katifarsa a gaban ƙannensa ana nunawa. Ki sa leda a ƙarƙashin zanen gado, ki canza ba surutu. Tun da abin ya ɗauki watanni, ki kai shi wurin likitan yara a duba fitsarin a tabbatar babu wani ciwo, ki kuma gaya wa likitan daidai lokacin da ya fara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaro yana auna girman haɗari ne da fuskar uwarsa, don haka ki kula da abin da kike faɗa a waya yana ji. Ki gaya masa gaskiya daidai kansa: iska za ta iya dawowa, wuta za ta iya ɗaukewa, amma ga abin da za mu yi. Ki ba shi tocilan tasa, shi ne mai kula da batir. Ki sa ya haddace lambar wayarki da ta babansa kamar yadda ya haddace Fatiha. Bayan Katrina an ba da rahoton yara fiye da 5,000 da suka rabu da iyayensu, sai bayan wata shida aka gama haɗa su, wasu don ƙanƙanta ba su san cikakken sunan uwarsu ba.

Ga maigidanki kuma, ki gaishe shi, ki ce Anti ta ce a ci gaba da tofi, Falaƙi da Nasi kowane dare, shi da kansa ya riƙa yi yana dafe da kan yaron, don hannun uba a wannan lokaci magani ne. Amma "ƙyale shi, namiji ne" ban yarda da ita ba. Annabi Yaƙub namiji ne kuma annabi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai kira shi rago ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ki kuma lura da shi kansa maigidan. Mazanmu a ƙasar nan suna haɗiye abu da yawa, kwana 8 yana kallon iyalinsa cikin zafi ba yadda zai yi, bai wuce shi a banza ba. Ke ma haka. A wasiƙarki kin ba ni labarin barcin kowa ban da naki.

Mutanen New Orleans suna da al'adar dafa jan wake da shinkafa ranar Litinin. Litinin mai zuwa ki sayi wake, ki ɗauki naman da kika yarda da shi, ki kama hannun yaron ku ƙwanƙwasa mata, ki ce ta koya miki irin nasu. Waken yana ɗaukar awa biyu zuwa uku a wuta, lokacin ya ishe ku fara takardar nan. In ta kawo maganar gatari, ki ce maigidan ya duba yana nan, ki tambaye ta ko yana bukatar wasawa. Ki sake rubuto mini bayan Nuwamba in ji yadda kuka kwana.